Rage ƙiba: Me ya sa kwaɗayi ke rinjayar niyya?

Da yawa daga cikin waɗanda likita ya umarta da su rage ƙiba, ko saboda ciwon sukari ko hawan jini, kan fara da ƙarfinsu: a daina shan lemon kwalba, a rage tuwo, a ƙaurace wa mai tsire. Bayan mako biyu ko uku kuma sai a koma gidan jiya.

Akasari dai mutum kan ɗora wa kansa laifi, musamman a al'ummar da ke ɗaukar kwaɗayi abin kunya, har take kiransa mabuɗin wahala.

To amma binciken da masana suka shafe shekaru kusan 80 suna yi ya nuna cewa lamarin ya wuce raunin zuciya. Matsalar kuma ba ta mutane kaɗan ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙiba mai tsanani.

Jiki ba ya son rama

A ƙarshen shekarar 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya a Jami'ar Minesota da ke Amurka, domin gano yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwa ta galabaitar a Turai.

An shafe watanni shida ana ba su kusan rabin abincin da suka saba ci, har kowannensu ya rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda tunaninsu ya sauya. Hirarsu ta koma ta abinci, mafarkinsu ma haka. Wasu suka shiga tara littattafan girke-girke, wasu kuma sukan ɗauki sa'o'i suna tsakurar ɗan abin da aka zuba musu, sa'an nan su suɗe kwanon.

Waɗannan kuwa samari ne da suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu, a daidai lokacin da ƙasarsu ke yaƙi. Da wuya a ce ba su da taurin zuciya.

Ko da yake abin da suka shiga yunwa ce ta gaske, wadda ta zarce ta mai rage ƙiba nesa ba kusa ba, daga baya an gano sinadaran da ke haddasa wannan hali.

A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da abokan aikinsa suka gano leptin, sinadarin da kitsen jiki ke fitarwa yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa yana tayar da yunwa.

Idan mutum ya rame, na farkon kan ragu, na biyun kuma ya ƙaru.

Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya bi diddigin mutane 50 a birnin Melbon na Ostireliya. Waɗanda suka kammala makonni goma na taƙaita abinci sun rage fiye da kilo 13 a matsakaicin lissafi. Shekara guda bayan haka, sinadarin yunwar bai koma yadda yake a da ba, kuma sun ce suna jin yunwa fiye da kafin su fara.

Ke nan wanda ya rage ƙiba yana kokawa ne da jikin da ke neman mayar da abin da ya rasa.

Daurewa ko kaucewa?

An daɗe ana koyar da cewa juriya kamar ƙarfin damtse take, tana ƙarewa idan aka yi ta aiki da ita. Tushen wannan ra'ayi shi ne wani gwaji da Roy Baumeister ya wallafa a 1998, inda ɗaliban da aka hana taɓa biskit ɗin cakulan da ke gabansu suka fi saurin karaya a wani aiki mai wuya da aka ba su daga baya.

Sai dai a 2016, da ɗakunan bincike 23 suka haɗu domin sake jarraba ra'ayin a kan mutane fiye da 2,000, kusan ba su ga wata alama tasa ba. Har yanzu masana na ja-in-ja a kai.

Abin da ya fi amfani ga mai rage ƙiba ya fito ne daga Jamus. A wani bincike da aka wallafa a 2012, Wilhelm Hofmann ya ba mutane kimanin 200 na'urar da ke ƙara sau da dama a yini, tana tambayarsu ko akwai abin da ransu ke so a lokacin.

Sakamakon ya nuna cewa waɗanda suka fi kamun kai ba su ne suka fi yawan kokawa da zuciyarsu ba. Su ne ma suka fi ƙarancin cin karo da abin da zai jarrabe su tun farko.

Ma'anar hakan a aikace ba ta da wuyar ganewa. Wanda ya ajiye katan ɗin lemo a firji zai yi yaƙi da shi sau goma a yini, wanda bai sayo ba kuwa sau ɗaya ya yi yaƙin, a kanti. Haka ma wanda ya san ƙamshin balangu na jiransa a wata kwana bayan la'asar, sauya hanya ya fi masa sauƙi a kan rufe ido.

Ƙoƙarin korar tunanin da ƙarfi ma kan iya zama ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. A wani gwaji da aka wallafa a Birtaniya a 2008, waɗanda aka ce kada su yi tunanin cakulan na 'yan mintoci sun fi sauran ci da aka miƙa musu shi.

Barci da nau'in abinci

A 2004 masana a Jami'ar Shikago sun taƙaita barcin samari 12 zuwa sa'o'i huɗu, dare biyu a jere. Leptin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin ya ƙaru da kashi 28, sha'awarsu kuma ta fi karkata ga kayan zaƙi da masu gishiri. Adadin mutanen ba shi da yawa, amma darasi ne ga mai raba dare a kan waya alhali zai tashi da asuba.

Nau'in abincin ma na da nasa tasirin. A 2019 Kevin Hall na cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka ya killace mutane 20 tsawon wata guda. Makonni biyu ana ba su abincin da aka sarrafa sosai a masana'anta, makonni biyu kuma wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa.

A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A sauran makonnin kuwa suka rage kusan hakan, ba tare da an ce su daure ba.

Shi ya sa masana abinci kan ba da shawarar wake da ganyaye da ƙwai da kifi da hatsin da ba a cire masa dusa ba, saboda sun fi riƙe ciki. Game da sukari, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga baligi. Gwangwanin lemo ɗaya kan ƙunshi kusan giram 35.

Watan Ramadan na ƙara haska batun. Mutumin da ke cewa ba zai iya wuce mai ƙosai ba shi ne kuma ke yini cur bai sa komai a baka ba, domin dokar a fayyace take, lokacin a ƙayyade, kuma kowa a kewayensa haka yake yi. Amma nazarin da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa ɗan nauyin da ake ragewa a watan, kilo ɗaya ko fiye da haka kaɗan, kan dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah.

Likitoci dai na gargaɗin masu ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin da kada su riƙa tsallake abinci ba tare da shawara ba, saboda haɗarin faɗuwar sukarin jini.

A 2021 hukumomin Amurka suka amince da allurar Wegovy, wadda ke kwaikwayon wani sinadarin hanji mai sa mutum ya ji ya ƙoshi. A gwajin da aka yi, masu karɓarta sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a makonni 68, kuma da dama sun ce tunanin abinci ya lafa musu.

Waɗanda aka bi diddiginsu bayan sun daina allurar kuwa sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda.