Likitan da ba a cika samu a asibitin kuɗi ba

Wata ranar Asabar gab da la'asar, wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a Agege, riƙe da leda cike da kwalayen magani da takardun awo. Ta zazzage su a gabana ta ce, "Likita, don Allah ki ba ni wanda ya fi waɗannan ƙarfi. Maigidana yau sati shida zazzaɓi bai sake shi ba." Na ce mata, "Hajiya, ni ba likita ba ce, aikina haɗa magani, amma zauna mu duba tare."

Asibitocin kuɗi uku suka je. A kowanne an yi masa awon maleriya da awon Widal, an kuma ce maleriya ce da taifot. Ya sha maganin maleriya sau uku, ya sha ciprofloxacin, an yi masa allurar ceftriaxone ta kwana biyar. Sai ya ɗan ji sauƙi, bayan kwana kaɗan zazzaɓin ya dawo. Ga rama, ga gumin dare da ke jiƙa zanin gado. Ban sayar mata da komai ba a ranar. Na ce su je asibitin koyarwa su nemi a haɗa su da likitan cututtuka masu yaɗuwa. Ta dube ni ta ce, "Dama akwai wani likita na daban mai wannan suna?"

Akwai shi. Kusan kowa ya san likitan mata, da na yara, da na zuciya, da na ƙashi. Shi wannan aikinsa shi ne cututtukan da ƙwayoyin cuta ke haddasawa: tarin fuka, ƙanjamau, sanƙarau, zazzaɓin Lassa, ciwon hanta nau'in B da C, ciwon da ya ci ƙashi ko ya shiga jini, da zazzaɓin da aka yi ta bincike aka rasa dalilinsa. A asibitin koyarwa, shi sauran likitoci ke kira idan an ba da magani iri-iri ciwo ya ƙi ji.

Hanyar zama irin wannan likita doguwa ce. Ɗalibi zai yi shekara shida a jami'a kafin ya fito da digirin likita, sai shekara ɗaya ta aikin gwaji a ƙarƙashin manya, sai shekarar bautar ƙasa. Daga nan ya rubuta jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejojin da ke yaye ƙwararru, wato Kwalejin Horas da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma. In ya ci, sai ya nemi gurbi a asibitin da aka amince ya yi horaswa, kuma wannan neman kaɗai kan cinye wa wasu shekaru. Zangon farko na shekara biyu zuwa uku yana zagaya sassan cututtukan cikin jiki ne gaba ɗaya, zuciya da ƙoda da huhu da sauransu. Sai ya ci jarrabawar wannan zango zai zaɓi fanni, ya ƙara kimanin shekara uku, ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban malamai. Idan aka haɗa, shekara 13 zuwa 14 ke nan, in ba a yi yajin aiki ba kuma bai faɗi jarrabawa ko sau ɗaya ba. Wanda ya san jami'o'inmu ya san wannan sharaɗi da wuya ya cika.

To, bayan duk wannan wahala, ina suke tafiya? Mafi yawansu suna asibitocin koyarwa da cibiyoyin gwamnati, irin su asibitin koyarwa na Idi-Araba, da na Malam Aminu Kano, da na Jos, da asibitin Irrua a jihar Edo wanda ya yi suna wajen jinyar zazzaɓin Lassa. Wasu suna hukumar NCDC, wasu suna ƙungiyoyin da ke tafiyar da shirye-shiryen ƙanjamau da tarin fuka, wasu kuma sun ɗauki jaka sun tafi Saudiyya ko Ingila. Wanda ya buɗe asibitin kansa a kan wannan fanni kaɗai, sai an tona.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma na kuɗi ne. Asibitin kuɗi yana rayuwa ne da abin da za a iya rubutawa a rasit: tiyata, haihuwa, hoto, wankin ƙoda, kwanan gado, magani. Likitan cututtuka masu yaɗuwa ba ya yanka kowa, ba shi da wata na'ura tasa. Jarinsa tambaya ce da karanta fayil. Zai iya zama minti arba'in yana tambayar majinyaci inda ya yi tafiya, ko yana shan nonon da ba a dafa ba, ko akwai mai tari a gida, ko ɓeraye na shiga wurin ajiye abinci. A ƙarshe sau da yawa umarninsa shi ne a tsayar da allurai uku a bar ƙwaya ɗaya. Ga kuma manyan cututtukan fanninsa biyu, tarin fuka da ƙanjamau, maganinsu kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In faɗi gaskiya, mu ma masu kantin magani ba ƙaruwa muke yi da shi ba, domin takardarsa gajera ce.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ba. A Amurka, inda ake shekara uku a fannin cututtukan cikin jiki sannan a ƙara biyu a wannan fanni, yana cikin waɗanda albashinsu ya fi ƙanƙanta a tsakanin ƙwararru. A 2022, duk da annobar korona ta nuna wa duniya amfaninsu, fiye da kashi 40 cikin 100 na cibiyoyin horaswar ƙasar ba su cike gurabensu ba.

Waɗanda ke aiki da asibitocin kuɗi a nan galibi ta hanyar ziyara ce. Likitan yana da aikinsa na gwamnati, sai asibiti ya kira shi da yamma ko a ƙarshen mako ya duba majinyacin da ya gagara, a biya shi kuɗin dubawa. Wasu manyan asibitoci a Legas da Abuja kan ɗauke shi ya shugabanci kwamitin hana yaɗuwar cuta a cikin asibiti, ya kuma sa ido a kan yadda ake rubuta magungunan kashe ƙwayoyin cuta. A ganina wannan aiki na biyu ya fi kowanne muhimmanci. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ni da nake bayan kanta ina ganin yadda ake yi wa ceftriaxone kallon ruwan sanyi.

Kada kuma mu manta cewa annoba ba ta tambayar wane irin asibiti ne kafin ta shiga. A watan Yulin 2014, Patrick Sawyer da ya shigo da Ebola daga Laberiya, asibitin kuɗi aka kai shi a Obalende. Dakta Ameyo Stella Adadevoh, wadda fanninta ma ciwon sukari ne da dangoginsa, ita ta yi zargin cutar, ta kuma hana shi fita duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta rasu ranar 19 ga Agustan shekarar. Mutum takwas cutar ta kashe a Najeriya, kuma da an sake shi ya shiga gari, Allah kaɗai ya san adadin.

Yaushe ya kamata iyali su nemi wannan likita? Idan zazzaɓi ya kai sati uku ana magani ba a gano dalilinsa ba. Idan an canza maganin kashe ƙwayoyin cuta sau biyu ko uku ciwo yana nan. Idan wurin tiyata ko gyambon mai ciwon sukari ya ƙi warkewa, ko ciwon fitsari na ta dawowa. Ba rashin kunya ba ne ku ce wa likitanku, "Ranka ya daɗe, ko za a kira ƙwararre a kan cututtuka masu yaɗuwa ya duba shi, ko a ba mu takardar turawa?" Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Ku kuma tambaya ko an ɗauki jini don a raini ƙwayar cutar a ɗakin awo. Wannan awo yakan ɗauki kwanaki, kuma ya fi inganci idan an ɗauki jinin kafin a fara magani. Awon Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot, domin mutane da yawa a nan zai nuna musu alama ko lafiyarsu ƙalau. Ranar zuwa, ku tafi da kwalayen duk abin da aka sha da takardun awo, har da na gargajiya, kada a ɓoye komai.

Bayan kusan wata biyu Hajiyar nan ta dawo sayen maganin tari na yaro. Ta ce likitan da suka gani ya daɗe yana tambayoyi, sannan ya shafa wuyan maigidan ya ji kaluluwa. Aka ɗebi ruwanta aka saka a na'urar GeneXpert, sai ga tarin fuka, irin wanda ke zama a wajen huhu, shi ya sa babu wani tari sosai. Sauƙin da yake ɗan samu a baya ma akwai dalili, domin ciprofloxacin kan danne ƙwayar tarin fuka na ɗan lokaci ba tare da ta kashe ta ba. An ɗora shi a kan maganin wata shida, kyauta, a cibiyar da ke kusa da gidansu. Ta ce ya koma shagonsa, har ya fara ƙorafin abinci ya yi masa kaɗan.