Tabarau mai gani da dare: abin da yake ba matuƙi da abin da yake ƙwace masa

Da misalin ƙarfe 10 na daren Juma'a, 9 ga Fabrairun 2024, wani jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a hamadar da ke kusa da iyakar jihohin Kalifoniya da Nebada a Amurka. Duk mutum shidan da ke ciki sun rasu: Herbert Wigwe, shugaban kamfanin Access Holdings, da matarsa da ɗansa, da Abimbola Ogunbanjo, tsohon shugaban rukunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya, sai matuƙa biyu. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahotonta a 2025, ba a kan injin jirgin ta ɗora laifi ba. Cewa ta yi matuƙin ya ci gaba da tuƙi da ido har ya kutsa cikin yanayin da ido ba ya aiki, daga nan ya kasa tantance ina ne sama, ina ne ƙasa. Na'urar da ke auna tazarar jirgin daga doron ƙasa ma ba ta aiki a wannan dare.

Mai karatu zai iya tambaya: a zamanin da akwai tabarau mai mayar da dare kamar rana, ta yaya duhu zai kashe matuƙi? Tambayar tana da ma'ana, amma a cikinta akwai kuskure. Tabaran bai taɓa mayar da dare rana ba. Ciniki ne yake yi da idon matuƙi, ya ba shi wani abu, ya karɓe wani. Duk wanda aikinsa ya shafi tsara tafiyar mai gida ko rubuta takardar sayen kayan aiki ya kamata ya san yadda cinikin yake.

A fara da idon kansa. A tantanin da ke can bayan ƙwayar ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Iri na farko, kimanin miliyan 6, su ne ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa irin su rubutu. Sun taru ne a tsakiya, kuma ba sa aiki sai da wadataccen haske. Iri na biyu sun haura miliyan 90, sun bazu a gefe, su ne ma'aikatan dare, amma ba su san launi ba. Saboda haka idan duhu ya yi, tsakiyar ido ce ke makancewa: abin da mutum ya ƙura wa ido kai tsaye shi ne yake ɓace masa. Shi ya sa ake koya wa matuƙa su riƙa kallon abu ta gefe, kamar digiri 10 daga inda yake. Kafin ƙwayoyin dare su kai cikakken ƙarfinsu sai an yi kusan minti 30 a cikin duhu, amma hasken tocila ko na waya guda ɗaya ya isa ya rushe wannan shiri cikin daƙiƙu. Sinadarin da suke aiki da shi ya dogara ne da bitamin A, kuma ƙarancinsa ne ke kawo abin da Hausawa suka daɗe da sani da suna dundumi. Ƙarancin iskar shaƙa ma yana rage ganin dare tun daga tsawon ƙafa 5,000, tun kafin matuƙi ya ji wani sauyi a jikinsa. Mai shan taba kuwa da asararsa yake tashi tun daga ƙasa.

Wanda ya fi raunin ido haɗari shi ne ƙaryar da ido ke yi. Idan matuƙi ya kafa wa wata fitila guda ido a cikin duhu na 'yan daƙiƙu, sai ya ga ta fara yawo alhali tana nan daram. Jerin fitilun wani gari da ke kan gangare, ko gefen gajimare da ya karkata, kan yi masa kama da layin da sama ta haɗu da ƙasa, sai ya karkatar da jirgi don ya daidaita da layin bogi. Idan zai sauka a filin da ke kewaye da daji ko ruwa, babu fitila ko ɗaya tsakaninsa da titin sauka, yakan ji kamar ya yi sama da yawa, sai ya yi ta sassautowa har ya taɓa ƙasa bai iso ba. Cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, shi ma yana ruɗuwa: jirgi yana iya kwanciya a hankali ta gefe guda, jiki kuma ya rantse cewa tafiya miƙe take. Mun saba cewa gani ya kori ji. A makarantar tuƙin jirgi akasin haka ake koyarwa game da dare: matuƙi ya ƙaryata idonsa da jikinsa, ya gaskata agogunan da ke gabansa.

A nan ne tabaran ya shigo. Ba fitila ba ne, kuma ba shi ne kyamarar da ke gano zafin jiki ba, wadda ake yawan haɗa su. Ɗan hasken da ke akwai yake tattarawa, na wata da taurari, har da wani nau'in haske da ke gaba da ja wanda idon mutum ba ya iya gani. Hasken yana faɗawa kan wani faifai da ke mayar da shi ƙwayoyin lantarki. Ƙwayoyin sai su bi ta wani siririn faranti mai miliyoyin ƙananan ramuka, suna bugun bango suna hayayyafa, sannan su daki wani allo da ke mayar da su hoto, kore a yawancin tabarau, fari da baƙi a na baya-bayan nan. Da haka ake ninka haske sau dubbai. Matuƙin da a da ba ya ganin komai sai baƙi ƙirin yanzu yana hango tudu da kogi da bishiya. Ba ƙaramar riba ba ce, kuma rayuka da yawa sun tsira ta dalilinta.

Sai dai idon mutum yana ɗaukar faɗin kusan digiri 200 daga dama zuwa hagu. Tabaran da yawancin matuƙa ke sawa digiri 40 kacal yake bayarwa, kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu. Gefen ido, wanda shi ne ke sanar da mutum cewa wani abu na tahowa ko kuma shi kansa ya karkata, ya tafi. Dole matuƙi ya yi ta juya kai ba hutawa, ga nauyin tabarau a gaban kwalkwali, ga batir a ƙeya, shi ya sa ciwon wuya ya zama abokin aikin. Launi ma ya tafi, don haka jar fitila da koriyar da ke fukafukan wani jirgi, waɗanda ke nuna inda ya dosa, duk ɗaya suke bayyana. Fitila mai ƙarfi takan yi kama da ta kusa ko da tana nesa. Kimanta nisa da zurfi yana raguwa. Wayoyin lantarki da wuya su fito. A 2009 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu jajayen fitilun LED da ake sawa a kan dogayen turaku, waɗanda ido ke gani sarai, ba sa bayyana a cikin tabaran. Mai lura da yadda turakun sadarwa suka cika garuruwanmu zai fahimci nauyin wannan magana.

A daren 29 ga Janairun 2025, wani jirgin soja samfurin Black Hawk ya yi karo da jirgin fasinja a kan kogin Potomac, dab da filin jirgin Reagan na birnin Washington, mutum 67 suka mutu. Masu bincike sun ce alamu sun nuna sojojin suna sanye da tabaran. Abubuwa da dama aka duba, daga tsawon da jirgin sojan yake tafiya zuwa tsarin hanyoyin sama da aikin hasumiya, amma ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce yadda mai kallo ta digiri 40 zai tsamo fitilar jirgi guda daga tekun fitilun babban birni.

Darasin da ya fi kusa da mu ya girmi wannan da shekara 45. A Afrilun 1980, Amurka ta tura jirage masu saukar ungulu takwas cikin dare zuwa hamadar Iran don kuɓutar da 'yan ƙasarta sama da 50 da ake garkuwa da su a Tehran. Matuƙan suna da tabarau na farko-farko, amma a hanya suka faɗa cikin ƙurar da ta rataya a sama. Biyar ne kawai suka isa da lafiyar ci gaba, alhali shida ake buƙata, aka soke aikin. Wajen shirin komawa, ɗaya ya daki jirgin dakon mai a cikin ƙurar da ya tayar da kansa, sojoji takwas suka mutu. Bayan wannan ne, a 1981, sojan Amurka ya kafa runduna ta musamman da aikinta shi ne tuƙin dare. Abin da suka koya shi ne na'ura ba ta maye gurbin horo.

Wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Kano ko na Maiduguri saboda hazon hunturu ya san irin wannan ƙura. Tabaran yana da wata yaudara a nan: yakan ratsa siririn hazo ko gajimare, matuƙi ya ci gaba yana ganin ƙasa, bai san yanayi yana lalacewa ba, sai hoton ya fara yin tsaki-tsaki, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. A lokacin ya riga ya yi nisa a ciki. Haka kuma shimfiɗaɗɗen yashi ko ruwa mai kwanciya, inda babu inuwa babu alama, ba sa ba ido abin kamawa. Shi ya sa ƙwararrun matuƙa ke duba kwanan wata da lokacin fitowarsa kafin su amsa tafiya. Daren sha huɗu da daren ƙarshen wata ba aiki ɗaya ba ne.

Jirage 12 samfurin A-29 Super Tucano da rundunar sojan sama ta Najeriya ta karɓa daga Amurka a 2021, waɗanda aka girke a Kainji, an ƙera ɗakin matuƙinsu ne don ya dace da tabaran. Wannan dacewa ita ce abin da ya fi saurin faɗuwa daga takardar kasafi. Fitilar agogo ta yau da kullum tana cika tabaran da haske har ya rage ƙarfinsa da kansa, waje ya dushe. Saboda haka sai an sauya ko an tace kowace fitila da ke ɗakin, kuma matuƙi yana karanta agogunan ne ta ƙarƙashin tabaran da idonsa. Bayan wannan akwai gwajin na'urar lokaci-lokaci, da batura, da saita ta daidai da idon mai sawa kafin kowane tashi, da sa'o'in atisaye da dole a riƙa sabuntawa, domin hannu yana mantawa. A ganina, takardar da ta nemi kuɗin tabarau ba ta ware na waɗannan ba, rabin kaya ta saya.

Akwai kuma abin da ya rage a hannun mai tsara tafiya. Taro yakan ja, a tashi bayan magariba, mai gida yana son kwana a Abuja, filin da za a tashi kuma yana cikin waɗanda ba su da fitilun dare. Idan matuƙi ya ce wata bai fito ba, ko hazo ya yi kauri, ko wata na'ura guda ba ta aiki, ba taurin kai yake yi ba, lissafin da aka horar da shi a kansa yake faɗa. Abin da ya kamata hadimi ya tanada tun kafin a bar gida shi ne mota da masauki, da lokacin tashi na biyu bayan fitowar rana.