Riruwai: Yadda za ku shirya ziyarar tsohon dutse mai aman wuta na Jihar Kano

Duk ɗalibin da ke karanta darasin Labarin Ƙasa a babbar sakandare ya san zanen nan na dutse mai aman wuta: tsauni mai kama da malafa, hayaƙi na tashi a ƙoƙuwarsa, narkakken dutse na gangarowa ta gefe. Ana haddace shi saboda jarrabawar WAEC da NECO, kuma misalan da ake bayarwa duk na nesa ne. Akwai Kilauea da Mauna Loa a tsibirin Hawayi na Amurka, inda aka keɓe musu gandu na ƙasa tun 1916. Akwai Nyiragongo a gandun Virunga na ƙasar Kwango, wanda ya yi wa birnin Goma ɓarna a 2002 da 2021. Akwai kuma Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

Shi ya sa ɗalibi a Gwarzo ko Kabo yake ɗauka cewa sai mai fasfo da kuɗin jirgi zai iya ganin irin wannan wuri. Alhali a ƙarshen kudancin Jihar Kano, a Ƙaramar Hukumar Doguwa, akwai garin Riruwai, wanda masana duwatsu suka tabbatar yana zaune ne a kan tushen wani tsohon dutse mai aman wuta. Aji guda zai iya zuwa ya dawo a mota. Amma ziyara irin wannan shiri take so, domin wanda ya tafi babu shiri zai ƙona kuɗin iyayensa ya dawo yana cewa, “Ai duwatsu ne kawai.”

Me za ku gani, me ba za ku gani ba?

Ku fara cire rai da ganin wuta ko hayaƙi. Dutsen Riruwai ya yi zamaninsa kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, ya mutu murus. Tun daga lokacin ruwan sama da iska suke zaizayar sa, har suka cinye samansa suka bar gindin. Wannan kuwa shi ne darajar wurin. A Hawayi saman dutsen ake kallo, a Riruwai kuma cikinsa ake shiga.

Ga yadda abin ya faru. A can ƙarƙashin ƙasa zafi ya narkar da dutse, narkakken ya taso ya taru a wuri guda. Narkakken dutse iri-iri ne. Na Hawayi tsararo ne kamar koko, shi ya sa yake malala. Na Riruwai mai kauri ne kamar talge, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunyar tuwo ya san yadda talge yake riƙe tururi, sannan ya fashe ya fantsama. Haka wannan dutse ya riƙa fashewa yana watsa toka da garwashi. Da rumbun da ke ƙasa ya ragu, sai saman ya rasa madogara ya rufta, kamar rufin soron da gara ta cinye azararsa. Ruftawar ta bar tsaga mai zagaye, sabon narkakken dutse ya bi tsagar ya daskare. Daga baya wani ya sake tasowa ta tsakiya ya huce sannu a hankali.

Abin da ya rage yau shi ne tsaunuka da suka yi ƙawanya mai faɗin sama da kilomita 10. Daga ƙasa ba a gane ƙawanyar sosai. Saboda haka kafin tafiya ku roƙi malaminku ya buɗe muku Google Earth a waya ko kwamfuta, ku nemo Riruwai ku kalle ta daga sama, kowa ya zana abin da ya gani a littafinsa.

Riruwai ba ita kaɗai ba ce. Tana cikin jerin irin waɗannan duwatsu da ya faro daga Azbin a Jamhuriyar Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya shigo Najeriya ta wuraren Dutse da Ningi da Jos, har zuwa Afu a Jihar Nasarawa. Na arewa sun fi tsufa: na Azbin sun kai wajen shekara miliyan 400, na Afu kuwa kimanin miliyan 140.

Dutsen da ya haifi gari

Lokacin da dutsen tsakiyar yake hucewa, ruwa mai tsananin zafi ya riƙa bin tsagogi yana ajiye ma’adinai. Daga nan aka samu kuza da kwalambait da tutiya. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suke wanke kuza suna narka ta, fatake suna kai ta kasuwanni. Wasu daga cikin masu wannan sana’a sun yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, inda aka san mazauninsu da Riruwain Dalma. A zamanin Turawa kamfanoni sun shigo, daga baya har aka yi haƙa ta ƙarƙashin ƙasa, kafin aikin ya tsaya a shekarun 1980, shekarun da kasuwar kuza ta karye a duniya. Ke nan ziyara ɗaya za ta ba ku darasi uku: Labarin Ƙasa, Kimiyyar Sinadarai da Tarihi.

A kan hanya kuma za ku ratsa dajin Falgore, wanda a da ake kira gandun Kogin Kano. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sunansa cikin dazuzzuka 10 da ta amince a mayar gandayen ƙasa.

Izini kafin komai

Ziyarar makaranta ba ta fara daga tasha, daga takarda take farawa. Ƙungiyar ɗaliban Labarin Ƙasa ko ta Kimiyya ta rubuta wa shugaban makaranta ta hannun malamin darasin, ta faɗi inda za a je, dalilin zuwa, yawan ɗalibai da ranar da ake so. Shugaban makaranta ne zai nemi amincewar ofishin ilimi na shiyya da ƙungiyar iyaye da malamai. Kowane ɗalibi ya kawo takardar da mahaifi ko mai riƙonsa ya sa wa hannu, da lambar wayarsa. A makarantun ’yan mata, a tanadi malamai mata da za su yi rakiya, a kuma rubuta haka a cikin takardar, domin shi ne abin da iyaye za su fara tambaya.

Haka kuma makaranta ta aika wa Ƙaramar Hukumar Doguwa da hakimin yankin. Baƙo ko da ido makaho ne. Su za su haɗa ku da ɗan gari wanda ya san hanyoyin dutsen, ya san inda ake hawa da inda ba a zuwa. Wata dabara kuma ita ce a rubuta wa sashen nazarin duwatsu na Jami’ar Bayero, wadda sabon matsuguninta yake kan titin Gwarzo, a nemi malami ko babban ɗalibi ya zo ya yi muku bayani kafin tafiya, ko ma ya raka ku.

Tsaro ne mai yanke hukunci

Ba a ɓoye wa juna gaskiya a nan. Dajin Falgore ya yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har a 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani sashensa filin atisaye. Halin hanya yana sauyawa, don haka labarin bara ba ya isa. A makon tafiya shugaban makaranta ya tuntuɓi ’yan sanda na Tudun Wada da na Doguwa, a kuma sake tuntuɓa ana gobe tashi. Idan suka ce a dakata, a dakata, ko da an riga an biya kuɗin mota. Dutsen da ya yi shekara miliyan 170 yana zaune ba zai gudu ba kafin zango mai zuwa.

A ratsa dajin da rana tsaka ko da hantsi, ba a tsayawa ɗaukar hoto a cikinsa. Kada kowa ya sanya ranar tafiya ko hanyar da za a bi a Facebook ko WhatsApp. Hotuna sa jira sai an dawo gida.

A Riruwai kanta haɗarin na tsofaffin ramukan haƙa ne da kududdufan da suka bari. Ruwansu yakan yi zurfi fiye da yadda ido ke nunawa, bakinsu kuma yana iya zabtarewa. Ba shiga rami, ba wanka, ba rabuwa da ayari. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, domin ƙurar wurin haƙa takan ɗauki dalma, kuma ba a manta yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba.

Hanya da lokaci

Daga Gwarzo zuwa Kano, ta Kabo da Rimin Gado, kimanin kilomita 70 ne. Daga Kano a ɗauki titin Zariya zuwa Kwanar Dangora, a karya hagu a kama hanyar Jos ta Tudun Wada da Falgore, sannan a ratse zuwa Riruwai. Wannan zangon kaɗai ya haura kilomita 150. Akwai kuma hanyar da ke ɓullewa Kwanar Dangora ta Karaye da Kiru ba tare da an shiga birni ba. Direbobin tasha su za su gaya muku wadda ta fi lafiya a lokacin.

Tunda zuwa da dawowa tafiya ce mai tsawo, a tashi da an sallame asuba, a baro Riruwai da an yi azahar, yadda za a fita daga daji rana na sama. Makarantar da ke son isasshen lokaci tana iya shirya kwana a wata makarantar gwamnati da ke yankin, bisa yarjejeniyar shugabannin biyu.

Lokaci mafi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina duwatsu na santsi, ciyawa ta rufe hanya, rafuka sun cika. Idan hunturu ya yi ƙarfi kuma hazo yakan rufe tsaunuka. Riruwai tudu ce, ta fi Gwarzo sanyi, don haka a riƙe rigar sanyi.

Kuɗi da guzuri

Ku je tasha tare da malami ku ji kuɗin shatar mota daga direba biyu ko uku, a duba lafiyar tayoyi da birki. Ku haɗa da kuɗin abinci, ruwan sha, ihsanin ɗan rakiya da magungunan gaggawa, ku ƙara kashi 10 cikin 100 saboda abin da ka iya tasowa, sannan ku raba da yawan masu tafiya. Abin da ya faɗo kan kowa a raba shi mako 10, a riƙa zubi kamar adashe, ma’aji yana rubutawa, kuɗin yana hannun malami. Ku tuna da abokan da ba su da hali. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai takan taimaka idan ta ga lissafi a rubuce.

Kowa ya zo da takalmi rufaffe, hula ko hijabi mara nauyi, gorar ruwa, littafi da fensir, da ’yar leda ta zuba samfurin dutse.

Aikin da za ku yi a can

Kafin ku tashi, kowa ya tsinci ɗan dutse daga garinsu. Yawancin duwatsun da ke warwatse a yammacin Kano sun girmi na Riruwai nesa ba kusa ba, domin sun kai wajen shekara miliyan 600. A Riruwai ku nemo iri biyu. Na farko mai manyan ƙwayoyi da ido ke rarrabewa, fari da ja-ja da baƙi. Wannan a ƙarƙashin ƙasa ya huce a hankali, ƙwayoyinsa suka samu lokacin girma. Na biyu mai laushin jiki wanda da ƙyar ake ganin ƙwayoyinsa. Wannan a sarari ya huce da sauri, kuma shi ne shaidar aman wutar. Ku rubuta inda kuka tsinci kowanne, ku nemi izini kafin ku ɗauka.

Ku raba kanku rukuni-rukuni: masu zanen taswira, masu tattara duwatsu, da masu zama da dattawan gari su ji yadda ake wanke kuza da yadda garin yake lokacin da kamfani ke aiki. A gaishe su da ladabi, a tambaye su kafin a ɗauki hoto ko murya. Bayan an dawo, kowane rukuni ya rubuta rahoto ya karanta a taron safe, a jera duwatsun a ɗakin gwaje-gwaje da sunayensu domin ’yan ajin baya.

Wanda wannan ziyara ta buɗe wa ido, akwai na gaba. A tudun Biu na Jihar Borno da yankin Panyam da Kerang na Jihar Filato akwai duwatsun aman wuta da ba su tsufa sosai ba, har yanzu suna da siffar malafar nan ta cikin littafi, kuma Tafkin Tila da ke kusa da Biu a cikin bakin irin wannan dutse yake. Amma a fara da na gida. Zango na farko ya fi dacewa da fara zubi da aika takardu, yadda kafin sanyi ya wuce an je an dawo, in Allah Ya yarda.