Yadda Ake Auna Sabon Ɗan Katanga a Ƙwallon Amurka

A ƙwallon Amurka akwai mutum biyar da ɗan kallo bai cika lura da su ba. Suna duƙe a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa: ɗaya a tsakiya mai miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, biyu a gefensa, biyu a bakin sahu. Su ne katangar da ke tare abokan hamayya kada su kai ga mai jefa ƙwallo, su ne kuma ke buɗe wa mai gudu hanya. Ba su cika cin maki ba, sau da yawa ma ba a ambaton ɗayansu sai ya yi laifi. Shi ya sa auna sabon shiga a cikinsu ke da wuya.

Kowane watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL kan zaɓi sababbin 'yan wasa a zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka. Kafin nan akan tara samarin a birnin Indiyanapolis, a auna tsayinsu da nauyinsu da tsawon hannu, su ɗaga ƙarfe mai kilo 102, su yi gudun yadi 40.

Alƙaluman nan suna da amfani, amma sukan yaudari ido. A 1989 ƙungiyar Green Bay Packers ta ɗauki Tony Mandarich a matsayi na biyu, ƙato mai gudu kamar ba shi da nauyi. Kaka uku ya buga mata, ta sallame shi, daga baya ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara ƙarfi a jami'a. Sauran huɗun da aka ɗauka cikin biyar na farko a shekarar, duk sun shiga zauren gwarzayen wasan.

Masu ido a harkar, ga faifan bidiyo suke komawa, kuma ƙafa suke fara dubawa. Wanda ya taɓa zama a filin kokawa zai gane abin nan take. Idan aka saki ƙwallo, shin yaron yana lanƙwasa gwiwa ya sauke ƙugu, ko baya yake sunkuyarwa har kansa ya riga ƙafarsa? Na biyun, fizga ɗaya ta ishe shi. Sai hannu: ya sauka a ƙirjin abokin karawa, daga ciki, don wanda ya riƙo ta waje alƙali zai hukunta shi. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne lokacin da aka sha ƙarfinsa. In aka tura shi baya taku biyu, zai iya kafa duga-dugai ya tsaya cak?

Sai haƙuri, wanda magoya baya ba su da shi. A 2018 Philadelphia Eagles ta ɗauki Jordan Mailata, ɗan Ostareliya mai tsayin sama da mita biyu, a lamba ta 233. Rugbi ya sani, bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba. Kaka biyu bai shiga wasan gasa ko ɗaya ba, kocinsa Jeff Stoutland na koya masa inda zai ajiye ƙafa. A 2021 ƙungiyar ta ba shi kwantiragin dala miliyan 64, kuma a Fabrairun 2025 shi ne ke tsare ɓangaren hagu ranar da suka doke Kansas City Chiefs suka ɗauki kofin Super Bowl.