Sabon Garin Kano a madubin birnin Brno

A ranar 27 ga Maris, 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, aka tare wata babbar mota a garin Uromi na Jihar Edo, aka sauke mafarautan da ke kan hanyarsu ta dawowa gida, aka yi wa 16 daga cikinsu kisan gilla. Ga mazaunin Legas ko Abuja, wannan labari ne da ya gani a waya ya girgiza kai ya wuce. Mu nan ƙasar Rano kuwa, mamatan namu ne. Da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure, wadda ita da Kibiya da Rano ke ƙarƙashin masarauta ɗaya. Sallar wannan shekara a zaman makoki ta iske gidaje da yawa.

A cikin kwanakin nan na bi ta ƙofar wani kemis a garinmu, na tarar da shi a garƙame tun kafin magariba, abin da ban taɓa gani ba. Mai shi Ibo ne, ya haura shekara ashirin a tsakaninmu, 'ya'yansa kuma Hausarsu ta fi ta wasu 'ya'yanmu da ke makarantun kuɗi. Washegari ya buɗe ƙofa ɗaya. Da muka gaisa sai ya dube ni ya ce, "Malam, yaya garin?" Na san ba gaisuwa yake yi ba. Yana tambaya ne ko ya sa matarsa da yara a mota. Mutumin nan bai taɓa taka Uromi ba, mutanen Uromi ma ba Ibo ba ne, Esan ne masu harshensu daban. Amma ya san idan wuta ta tashi babu mai tsayawa tambayar wannan.

Allah Ya kiyaye, babu abin da ya faru, a nan ko a Sabon Garin Kano. Malamai da sarakuna sun yi kiran a kai zuciya nesa, Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je har Torankawa ta'aziyya. Sai dai tambayar mai kemis ta ƙi barin zuciyata. Wane irin zaman tare ne wannan, da mutum zai shekara ashirin yana ba ka magani bashi tsakar dare, amma laifin da aka yi a wata jiha mai nisa ya sa shi rufe shago?

Wannan tambaya ce ta mayar da ni ga labarin wani birni na tsakiyar Turai da na daɗe ina bibiya. Sunansa Brno (kada a ruɗe shi da Barno tamu), shi ne birni na biyu a girma a Jamhuriyar Cek. Ƙarni da yawa Jamusawa da 'yan Cek suna zaune a cikinsa tare, kasuwa ɗaya, unguwanni a cuɗe, har auratayya. Gregor Mendel, limamin Kiristan nan mai magana da Jamusanci wanda ɗaliban kimiyya ke karanta bincikensa kan gadon halitta, a lambun wani gidan ibada na wannan birni ya shuka wakensa, a nan kuma ya gabatar da sakamakon a 1865. To sai zamanin Hitila ya zo. A 1938 aka yanke yankunan da Jamusawa suka fi yawa aka ba Jamus, a Maris na 1939 sojojinta suka mamaye sauran ƙasar Cek, aka yi shekara shida ana kisa da ɗauri, aka kwashe Yahudawan birnin zuwa sansanonin mutuwa. Da yaƙi ya ƙare a 1945 sai reshe ya juye da mujiya. An kori Jamusawa kusan miliyan 3 daga ƙasar Cekoslobakiya. A Brno, a daren 30 ga Mayu, aka tattara sama da mutum 20,000, galibinsu mata da yara da tsofaffi, aka kora su a ƙafa zuwa iyakar Ostiriya. Masana tarihi na ƙiyasta cewa kimanin 1,700 sun mutu saboda wahala da cuta da duka, ɗaruruwa daga cikinsu an binne su a gefen wani ƙaramin gari mai suna Pohořelice.

Shekara arba'in da 'yan kai na mulkin kwaminisanci babu mai ɗaga wannan magana a fili. Ko bayan faɗuwarsa, sai a Janairun 1997 ne Helmut Kohl na Jamus da Václav Klaus na Cek suka sa hannu a kan wata sanarwa, inda kowane ɓangare ya amsa cutar da ya yi wa ɗaya. Daga ita aka kafa wani asusu na haɗin gwiwa, wanda har yau yake ɗaukar nauyin musayar ɗalibai, da fassara littattafai, da gyaran tsofaffin majami'u da maƙabartun da Jamusawa suka bari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda mutanen garin suka yi da kansu. Wasu ɗalibai 'yan ƙalilan ne suka fara bin wannan hanya a ƙafa kowace shekara, kilomita kusan 30, don tunawa da waɗanda aka kora. A 2015, da aka cika shekara 70, majalisar birnin ta fitar da sanarwa tana bayyana nadamarta, aka kuma juya alƙiblar tattakin: maimakon a fita daga Brno, sai a taso daga Pohořelice a shigo birni, a ƙare a lambun nan na Mendel inda aka tara mutanen a 1945. Tsofaffin da aka kora suna yara, da jikokinsu, suna zuwa daga Jamus da Ostiriya su jera da jikokin waɗanda suka kore su. Daga shekarar da ta biyo baya abin ya zama bikin al'adu na shekara-shekara mai suna Meeting Brno, da wasan kwaikwayo da karatun littattafai da muhawara. Ba kowa ya yi na'am ba. Akwai 'yan siyasar ƙasar da suka ce ba a neman gafarar wanda ya fara tsokana, kuma har yanzu akwai masu wannan ra'ayi. Amma majalisar ba ta janye ba.

Mu dawo gida. Sabon Gari ya kafu ne jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulki suka keɓe shi ga akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran Afirka ta Yamma, a wajen ganuwa, da gangan don kada su cuɗanya da mutanen birni. Wannan rabuwa baƙuwa ce a Kano, domin tun kafin Bature akwai Yarabawa a Ayagi da Larabawa a cikin badala. A Mayun 1953 aka yi tarzomar farko mai muni, alƙaluman hukuma suka ce mutum 36 sun mutu. Sai 1966: juyin mulkin 15 ga Janairu da ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sannan kashe-kashen watan Mayu da na farkon Oktoba, inda dubban Ibo suka rasa rayukansu a garuruwan Arewa, Kano na cikin inda abin ya fi tsanani. An kashe 'yan Arewa a Gabas su ma. Sabon Gari ya zama kufai, masu shi suka cika jiragen ƙasa suka tafi. Bayan haka mun ga 1991, wadda zuwan wani mai wa'azi Bajamushe, Reinhard Bonnke, ya haddasa, mun kuma ga 2004 bayan kisan Yelwan Shendam.

Ga inda labarinmu ya sha bamban da na Brno, kuma a nan mun fi su. Jamusawan Brno ba su dawo ba, gidajensu sun zama na wasu har abada, sulhun da ake yi yau da baƙi masu ziyara ake yin sa. Namu kuwa sun dawo tun daga 1970, zamanin Gwamna Audu Bako. A Fatakwal, batun dukiyar da aka bari lokacin yaƙi ya zama rikici mai tsawo, Ibo da yawa ba su sake mallakar gidajensu ba. A Kano kuwa da yawa sun dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu. Wani kawuna da ya yi dillanci a Fage ya ba ni labarin yadda ya riƙe mukullan wani abokin cinikinsa sama da shekara uku, yana karɓar haya yana rubutawa da ajami a wani ɗan littafi, ba shi da tabbacin ko mutumin yana raye. Na ce, "Kawu, da bai dawo ba fa?" Ya ce da sai ya nemi magadansa, amana ba ta mutuwa da mutuwar mai ita. Kawu ya rasu, littafin kuma gara ta cinye.

Irin wannan labari akwai shi a gidaje da dama, amma ba na jin ɗalibin sakandare a Rano ko a Onica ya taɓa cin karo da shi a aji. Haka ma ba a gaya masa cewa Sarki Ado Bayero aminin Ojukwu ne tun Ojukwu na kwamandan bataliya ta biyar a Kano, har aka naɗa Sarkin uban Jami'ar Nsukka a 1966. Ba a gaya masa cewa magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato ne, ko cewa Azikiwe da Ojukwu duk a Zungeru aka haife su. Abin da yaronmu ya gada shi ne an kashe Sardauna. Abin da yaronsu ya gada shi ne an yanka kakanninsa a tashar jirgi. Kowane ɗaya gaskiya yake faɗa, amma rabinta. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Don haka zaman lafiyarmu da Sabon Gari a kan ciniki kawai ya dogara, da kuma kirkin ɗaiɗaikun mutane. Ciniki kuwa igiya ce mai ƙarfi, ba na raina ta. Mai sayen kayan gyaran mota ko magani a sari daga Rano ya san hanyar Sabon Gari ido rufe, kuma ana ba shi kaya a kan yarda. Amma mun ga yadda wannan igiya take sassautawa cikin dare ɗaya. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin 1 ga Oktoba su bar Arewa. An janye wa'adin kafin lokacin, sai dai watannin nan na tsakani mutane da yawa sun yi su da jaka a ɗaure.

Na san abin da wasu dattawa za su ce: a bar kaza cikin gashinta, tone-tone ba ya haifar da ɗa mai ido. Ina girmama wannan tsoro, domin masu faɗarsa sun ga abin da ban gani ba. Amma shirun da muke yi bai hana 'ya'yanmu jin labarin ba. Suna jin sa a Facebook da TikTok daga bakin mafi zafin kai a kowane ɓangare, mu kuma masu sauran rabin labarin mun rufe baki. Wasu kuma za su ce, ana kashe namu a Uromi kana maganar mu duba laifinmu na shekara sittin? Haƙƙin jinin mutanen Torankawa yana nan, dole a hukunta masu hannu a ciki, a kula da marayu da zawarawan da aka bari, kuma babu wani bikin al'adu da zai maye gurbin wannan. Sai dai wanda ya iya cewa an yi ba daidai ba a ƙofar gidansa, muryarsa ta fi nauyi ranar da ya je neman adalci a ƙofar wani.

Ba na kiran a yi tattaki irin na Brno daga tashar jirgi zuwa Sabon Gari, yanayinmu bai kai nan ba, kuma 'yan siyasa za su ƙwace shi kafin a yi taku goma. Abin da za mu iya ya fi wannan sauƙi. Muna da Gidan Makama, muna da Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero, muna da Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, akwai kuma shugabannin Ibo da Yarabawa da mutanen Edo mazauna Kano waɗanda fadar Sarki ta san da su. Me zai hana a zaunar da ɗaliban tarihi, Bahaushe da Ibo bibbiyu, su bi tsofaffi gida-gida da na'urar ɗaukar murya, su ji daga wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a rumbu, da wanda aka ɓoye, da wanda ya rasa kowa nasa? A buga shi da Hausa da Ibo da Turanci, mai daɗi da mai ɗaci. Masarautar Rano ma, tunda ita abin Uromi ya fi shafa, tana iya ware rana ɗaya a shekara da za a yi wa mamatan addu'a, a gayyato baƙin da ke zaune a garuruwanmu su zauna a tabarma ɗaya da masu makoki, maimakon su kwana da fargaba a bayan ƙofa.

Wanda yake ɗan shekara 20 a 1966, yau yana dab da 80. A Kibiya na san dattawa biyu da suka yi zaman Kano a wancan lokaci, kuma sun yarda mu zauna bayan an gama girbi in ɗauki muryarsu a waya. Mai kemis ɗin nan shi ma ya ce akwai wani abokin mahaifinsa a Sabon Gari, ya tsufa ƙwarai amma hankalinsa na nan, zai kai ni wurinsa ranar wata Lahadi idan an tashi daga coci.