Yadda za ka sa kwamfuta ta riƙa kwaso saƙonnin imel da kanta

A Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ɗaukewar wutar KEDCO da raunin intanet kan sa saƙon imel ya kwana bai isa hannun mai shi ba. Ga ma'aikaci, saƙon na iya kasancewa takardar umarni daga Kano; ga ɗan kasuwar Kwanar Dangora kuwa, ciniki ne zai kuɓuce. Masu kwamfutar Linux suna da mafita a manhajar fetchmail.

Eric Raymond ne ya fitar da ita a Amurka a 1996. Aikinta shi ne tuntuɓar rumbun imel ta tsarin POP3 ko IMAP, ta kwaso saƙonni zuwa kwamfutarka, domin ka karanta su ko intanet ya yanke. Sai dai idan kwamfuta ta mutu ta sake tashi, manhajar ba ta tashi sai an tashe ta.

Wasu kan magance wannan da gudanar da ita a asusun root, mai cikakken iko kan na'ura. Hakan ganganci ne, domin manhajar tana karɓar bayanai daga waje. Idan wani ya sami kafa ta cikinta, kwamfutar gaba ɗaya ta shiga hannunsa. Ita kanta fetchmail tana gargaɗi a kan haka. Asusun mai amfani na yau da kullum ya wadatar.

Da farko, buɗe fayil mai suna .fetchmailrc a babban kundinka, ka rubuta adireshin rumbun, sunanka da kalmar sirri. Ƙara set daemon 300 domin ta riƙa dubawa duk bayan minti 5, da keep domin kwafin saƙo ya zauna a rumbun, sannan ka nuna mata da mda manhajar da za ta ajiye saƙonnin, kamar procmail.

Na biyu, kulle fayil ɗin da chmod 600. Idan wasu na iya karanta shi, manhajar za ta ƙi aiki.

Na uku, buga crontab -e, ka ƙara layin @reboot /usr/bin/fetchmail. Daga nan, duk sa'ad da kwamfuta ta tashi, manhajar za ta fara aiki da sunanka, ko ba ka shiga asusunka ba. Idan intanet bai dawo ba, za ta sake gwadawa a zagaye na gaba.

Mai asusun Gmail zai buƙaci kalmar sirri ta musamman ta manhaja, wadda Google ke bayarwa bayan kunna tantancewa mai mataki biyu.