Dutse mai falle-falle da ke ba da haske cikin tsananin sanyi

Akwai wasu duwatsu, irin su molibdenit da haɗin galiyom da seleniyom, waɗanda ke shirye falle bisa falle kamar takardun littafi. In an haska su, sukan maido da haske nasu na kansu. To, ƙaƙa haka ke faruwa?

Hasken da ya shiga dutsen yakan tumɓuke elektoron daga mazauninsa, ya bar gurbi. Elektoron da gurbin nan suna jan juna, suna yawo tare kamar tagwaye. Wannan haɗi shi masana ke kira ekziton. Yakov Frenkel, masanin Tarayyar Sobiyet, shi ya fara bayyana shi a 1931. Sa'ad da elektoron ya koma gurbinsa, sai ƙarfin da ya ɗauka ya fita ya zama haske.

Amma cikin haɗin galiyom da seleniyom, igiyar da ta ɗaure tagwayen nan ba ta da ƙwari: ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya tsinka ta. Saboda haka ake sanyaya dutsen da ruwan heliyom, har digiri 269 ƙasa da sifiri. Nan ne launukan hasken ke fitowa sarai, har a gane ko dutsen tsantsa ne ko yana da gauraye.

A 2010, a jami'ar Kolombiya ta Amurka, aka gano falle ɗaya tak na molibdenit ya fi dunƙulen dutsen ba da haske fiye da sau 10,000. Ekziton ɗinsa kuma ba ya tsoron ɗumin ɗaki. Da wannan ne masana ke fatan ƙera fitilu da na'urorin gane haske waɗanda suka fi takarda siranta.